Filashin Baffa

Duk wanda ya san shagon ɗinkin da ke ƙasan benen nan, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa, ya san ba injin surfani ne jarin shagon ba. Inji ai ƙarfe ne, mai kuɗi zai sayo irinsa gobe. Jarin shagon wani ɗan tsohon filashi ne baƙi, murfinsa ya ɓace tun tuni, an ɗaure masa jan ƙyalle don kada ya shige cikin tarkace. Duk zanen da Baffa ya yi cikin shekara goma sha biyar yana cikinsa: furanni, ganyaye, adon wuyan riga, adon bakin mayafi. A jikin injin ake soka shi, a zaɓi zane, allura ta bi. Ba kwafinsu a ko'ina. Kwamfutar da ya zana su a kanta ta ƙone shekaru biyu da suka wuce, da aka ce ya sayi wata kuwa sai ya ce abin da ya zana ya ishe shi har ya bar duniya.

Ranar da za a kwantar da shi a yi masa aikin ido, Baffa ya ciro filashin daga aljihu ya danƙa wa 'yar ƙanensa. Yanzu-Yanzu kowa ke ce mata a layin, don kome ka tambaye ta amsarta ke nan, kuma in ta faɗa sai ta cika. Shekara takwas tana yanka tana ɗinki a shagon, tana kallon injin nan da ido kawai, ranta na biyawa. Sai a makon ƙarshe Baffa ya nuna mata yadda ake zura zare, a ɗaure yadi a zobe, a danna. Shi ke nan karatun. Baffa irin mutanen nan ne da Allah ya ba hannu ya hana su baki. Ka tambaye shi dalilin abu, ya ce maka haka yake.

"Ga shi nan," in ji shi. "Kada ki taɓa komai a ciki."

"To, Baffa. Allah ya sa a yi aiki a sa'a."

Kwana uku da tafiyarsa sai ga shugabar wata makaranta da aiki: bajo, wato tambarin makarantar, a ƙirjin riguna ɗari biyu, kuma ana son su kafin yara su koma ranar Litinin. Yanzu-Yanzu ta karɓa ba ta ko haɗiyi yawu ba. Mai zanen da makarantar ke hulɗa da shi ya turo mata bajon ta waya, ya kuma haɗa mata da kyautar wata folda mai sababbin zane-zane na zamani, irin waɗanda ta daɗe tana yi wa Baffa naci ya ce ba ya so. Abin da ya rage kawai a zuba su a filashi.

Ta kira maigidanta, wanda ke aikin ofis a can gaba da shataletale, ya zo da kwamfutarsa lokacin hutun rana. Ya share ƙyallaye daga kan teburin yanka, ya ajiye ta, ya soka filashin. Wani jan layi ya fito, cike har baki.

"Ba wuri," ya ce. "Ko bajon kaɗai ba zai shiga ba."

"Kamar yaya ba wuri?"

"Kamar yadda kika ji. Wannan filashin ai ya girmi babban ɗanmu."

Ba ta tsaya musu ba. Ta yafa mayafi ta tsallaka titi, ta sayo sabon filashi fil a leda. Aka zuba bajo, ta soka a inji. Inji ya yi ɗan kuka, ya nuna ba ya ganin komai. Ta cire, ta hura masa iska, ta sake sokawa. Ko gezau. Ta koma wurin mai kayan waya, ya rantse mata filashinsa lafiya lau, ya sayar mata da wani ƙarami. Shi ma inji ya ce bai san zancen ba. Ashe tsohon injin nan ba ya karɓar filashin zamani, sai irin wanda aka daina yi. Hutun maigida ya ƙare, ya tafi, aka yi asarar wuni guda ba a ɗinka ko bajo ɗaya ba.

Washegari ta zaga shaguna bakwai tana neman tsohon filashi. Wani ya yi mata dariya. Wani ya ce ta dawo mako mai zuwa. Wani ya tsaya yana yi mata wa'azi a kan ci gaban zamani, kamar ita ta ƙera injin. Ta dawo shago ƙafafunta sun yi futu-futu, riguna ɗari biyu na jibge a kusurwa suna jiranta, ga Laraba ta yi rabi.

Da maigidan ya sake zuwa da rana, ta ce ya buɗe mata filashin Baffa ta ga abin da ya cika shi haka. Ya buɗe. Ta ja kujera ta zura ido.

Fure1. Fure11. Fure111. Ganye1. Ganye11. Ganye111. Wuya1, wuya11, wuya111. Haka suka jeru har ƙasa, ana ja ba sa ƙarewa.

"Buɗe min na farko," ta ce. Ya buɗe, fure ne mai kunne biyar da ɗan reshe. "Na biyu." Shi ne dai. "Na uku." Shi ne dai, ko ɗigo bai bambanta ba a idonta. Suka gwada ganye, haka. Suka gwada wuyan riga, haka.

Yanzu-Yanzu ta tafa hannu. "Ikon Allah! Yau ga abin da ya isa. Ashe abu ɗaya ne sau uku! Ni nake ta yawo a rana kamar marar gata, alhali shara ce cike da filashin?"

Ba ta yi mamaki ba, don ta san halin Baffa. Mutumin da ba ya yar da allurar da ta karye. Ƙarƙashin teburinsa buhu uku ne na guntayen ƙyalle, ga gwangwani cike da maɓallan da ba su da 'yan'uwa. Sau nawa ta ɗauki tsintsiya za ta yi masa gyara ya daka mata tsawa? Nan take ta yanke hukunci: yatsan tsoho ne ke zamewa a kan lamba, ya ajiye abu ya manta ya sake ajiyewa.

Duk da haka ta kira shi, don ba ta son a ce ta yi gaban kanta. 'Yarsa ce ta ɗauka, ta ce an naɗe masa ido, likita ya hana shi yawan magana, amma bari ta kara masa a kunne.

"Baffa, ya jiki? Filashin nan ya cika, ga aiki ya zo. Na ga kowane zane sau uku yake."

"Bar shi yadda yake."

"To ai ba wurin sa sabon aiki ne. Me ya sa suke uku-uku?"

"Haka suke."

"Baffa, don Allah, dalili nake tambaya."

"Na ce ki bar shi, 'yar nan. In na dawo ma yi magana."

"Sai yaushe?"

Sai ta ji muryar 'yar tana cewa ga nas ta shigo, aka kashe waya. Yanzu-Yanzu ta bi wayar da harara. Haka suke! Shekara takwas tana jin wannan amsa, ta ishe ta har wuya. Da ya ce mata ga dalili, ko dalilin banza ne, da ta haƙura. Amma mutum ya bar ka da shago, da inji, da masu kaya a ƙofa, sannan ya ɗaure maka hannu da kalma biyu? Haushi ya turnuƙe ta har ta ji idonta ya kawo ruwa.

"Goge biyu, ka bar ɗaya," ta ce wa maigidan.

Shi mutum ne mai sanyin hali, bai cika son a yi abu da zafi ba. Ya ɗan ƙura wa allon ido. "Maman yara, nauyinsu fa ba ɗaya ba ne. Duba nan. Mai ɗaya ya fi nauyi, mai biyu na bin sa, mai uku ya fi sauƙi."

Ta duba. Gaskiyarsa. Amma sai ta samo wa kanta amsa, irin amsar da mutum ke samu idan ya riga ya san abin da yake so. "To ai ka ga ni. Mai nauyin shi ne cikakke. Sauran wajen kwafewa suka zube a hanya. Mu bar cikakken."

"Bari dai in kwafe duka a tawa tukuna. Ba a san abin da gobe za ta haifa ba."

"Kwafe."

Ya danna. Wani koren layi ya fito yana rarrafe. Tsohon filashi, ƙananan fayiloli sama da dubu, kwamfuta ta ce saura minti arba'in. Can ta ce hamsin. Maigida ya dubi agogo, minti ashirin suka rage masa, kuma shugabansa ba ya ɗaukar uzuri. Yanzu-Yanzu tana tsaye tana kaɗa ƙafa, tana kallon layin, tana kallon tarin riguna. Layin ya tsaya cak a wuri ɗaya kamar mai jiran a roƙe shi.

"Soke shi," ta ce.

"Ki bari gobe in zo da wuri..."

"Goben Alhamis? Riga ɗari biyu fa! Shara za mu zauna muna gadi? Matsa ka gani."

Ta karɓi linzamin kwamfutar da kanta. Kada a ce ta yi ganganci, wallahi ta kula iyakar saninta. Ba ta taɓa ko ɗaya mai lamba ɗaya ba. Ta tattara masu biyu, ta tattara masu uku, ta sake dubawa kada cikakke ya shiga cikinsu. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Fayil ɗari takwas da 'yan kai suka tafi cikin abin da bai kai minti biyu ba. Jan layin nan ya koma shuɗi, ya ja baya ya bar fili.

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ta zuba bajo, ta ga har yanzu da sauran wuri, ta zuba sababbin zane-zanen nan kaf, har filashin ya kusa cika kuma. Ta soka a inji, inji ya karɓa ba gardama.

Aka yi aiki. Kwana huɗu injin yana ƙara tun safe har yamma, maƙwabcinta mai fanka yana leƙowa yana tsokanarta wai ta kori tsoho ta gaje kujera. Yadin rigunan makarantar mai kauri ne, bajo ya zauna daram. Ranar Lahadi shugabar makaranta ta zo ta kwashe kayanta tana ta sa albarka. Yanzu-Yanzu har tana tsara yadda za ta faɗa wa Baffa: ga aikinka an yi, ga filashinka na share maka shi tas.

Ana haka, ranar Talata sai ga wata da ake ce wa Ungozoma. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, ta ajiye aiki, kuma tun kafin Yanzu-Yanzu ta zo shagon take kawo wa Baffa ɗinki. Ta kwance wata leda a hankali, ta fito da yadin mayafi ruwan toka, shara-shara, kana ganin tafin hannunka ta cikinsa.

"'Yata ce ta aiko min daga inda take aure," in ji ta. "Furen nan mai kunne biyar nake so a bakinsa, irin wanda Baffanki ya saba yi min. Ko in jira ya dawo?"

Tambayar ce ta sosa mata rai. "Haba Mama, jiran me? Zauna ki huta, yanzu-yanzu."

Ta ɗaure yadin a zobe, ya miƙe sumul. Ta zura farin zare. Ta zaɓi fure1, wanda shi kaɗai ya rage, ta danna. Allura ta fara sauka.

Kunnen farko bai ƙare ba ta ga yadin ya fara tattarewa. Ta ce ko zoben ne bai ɗauru ba, ta sa yatsa ta ɗan ja gefe. Allura ta ci gaba da dukan wuri ɗaya, zare kan zare, zare kan zare, furen yana kumbura yana tauri, yadin yana shigewa ƙarƙashinsa. A kunne na uku ta ji wani ɗan sauti, ƙyat. Kafin hannunta ya kai maɓallin tsayarwa, yadin ya tsage daga gindin furen, tsagar ta yi tsawon yatsa.

Ungozoma ta miƙe ta leƙo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai shafa wurin ta ce, "Ayya. Na Baffanki ba ya yin tauri haka. Nasa kamar a jikin yadin ya tsiro."

Yanzu-Yanzu ta ba da haƙuri har bakinta ya bushe. Da matar ta fita da ledarta, ta jawo buhun ƙyallen Baffa, ta zaro wani shara-shara ta gwada ganye1. Ya tattare. Ta gwada wuya1 a kan yadi matsakaici, ya yi tudu kamar tabo. Ta gwada a kan mai kauri, ya fito tsaf, gwanin kyau. Ta koma kan sababbin zanen zamani, su ma suka cinye ƙyalle mai laushi. Nan gabanta ya faɗi. Ta zauna a kan buhun.

Ba uku-ukun banza ba ne. Mai nauyin nan zare ne ya yi masa yawa, don na yadi mai kauri ne. Masu sauƙin da ta kira gutsattsari, su ne Baffa ya zauna ya rage wa zare da hannunsa, ɗaya don matsakaici, ɗaya don shara-shara. A allo duk fure ne. Sai allura ta sauka ake sanin bambanci. Kuma masu kawo wa shagon nan ɗinki, kusan duk mata ne masu mayafi da riguna marasa nauyi.

Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi wurin mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwa. Ya soka filashin, ya yi 'yan danne-danne, ya ce ta zauna. Ta zauna awa biyu a kan benci tana kallon bayan kansa.

"Hajiya, abin da aka goge a filashi ba ya zuwa kwandon shara," ya ce daga ƙarshe. "Amma da kin kawo shi a ranar, da na dawo miki da kusan duka. Bayan kin goge, kin zuba wani abu?"

"Na zuba."

"Da yawa?"

"Har ya kusa cika."

Ya girgiza kai. "To sabon ya hau kan tsohon. Ga sunaye nan ina gani, amma cikinsu ya lalace." Ya samo mata goma sha ɗaya. Da ta kai su inji, huɗu ne suka buɗe, kuma ba furen a ciki.

Maigidanta bai ce mata ai na faɗa miki ba. Shirun nasa ya fi ƙona mata rai. Ta yi fushi da shi don bai hana ta da ƙarfi ba, ta yi fushi da inji, da mai zanen da ya yi mata kyautar da ba ta roƙa ba, da Baffa da bakinsa mai nauyi. Kalma nawa ce? Na kauri, na tsakiya, na shara-shara. Da ya faɗa a waya, da numfashi ɗaya ya ishe shi. Amma duk inda ta kai da fushin sai ya dawo kanta, don ita ta ji an ce kada ta taɓa, kuma ita ta ce a soke kwafin.

Ranar Asabar 'yarsa ta kawo Baffa shago, yana sanye da baƙin tabarau, tana riƙe da hannunsa. An ce aikin ya yi kyau, zai ga hanya, zai gane fuska. Amma likita ya gaya masa ƙananan abubuwa a allo, wannan kam ya yi ban kwana da su. Ya zauna a kujerarsa, ya shafa jikin injin, ya tambayi labarin shago.

Yanzu-Yanzu ta shirya magana tun a gida, amma ba da ita ta fara ba. Ta ɗauko ƙyallen da ta gwada ganye a kai, ta sa masa a hannu.

Ya murza shi tsakanin yatsu. Bai ɗauki lokaci ba. "Wannan ai mai sanda ɗaya a ƙarshen suna ne. Wa ke sa mai sanda ɗaya a shara-shara? Mai uku za ki sa."

"Baffa, babu mai uku."

"Yana nan, ƙasan mai biyu."

"Babu mai biyu ma." Muryarta ta karye. "Wuri ya ƙare, na ga duk iri ɗaya ne, na goge. Na kai wa mai gyara, huɗu kawai aka samu. Ka yafe min, Baffa. Da ka gaya min..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta jira tsawa, ta ma fi son ya yi tsawar. Amma bai yi ba.

"Karanto min," ya ce.

Ta soka filashin a inji ta fara karantowa. Fure ɗaya. Ya ɗan karkata kai yana jiran na gaba. Ganye ɗaya. Wuya ɗaya. Reshe ɗaya. Bayan kowane suna sai ya ɗan yi jim, kamar mai jiran a kira sauran 'ya'yansa. Ta kai wajen talatin, sannan ta shiga sunayen sababbin zanen, waɗanda bai taɓa ji ba. Ya ɗaga hannu ta tsaya.

"Furen nan mai uku," ya ce a hankali, "mayafan marigayiya matata huɗu na ɓata kafin ya zauna. Ita take ba ni, ta ce gwada, in ya yage ya yage. Kowane zane da kika gani, sai da na ɗinka na farke, na rage, na sake ɗinkawa. Wani wata guda yake ci na."

Tunda take da shi, bai taɓa yi mata bayani mai tsawon wannan ba. Hawaye suka zubo mata, na baƙin ciki da na takaici a haɗe.

"Za mu sake yi, Baffa. In sayo kwamfuta, ka riƙa faɗa min, ni in riƙa..."

"Da wane idon zan ga abin da kika yi?"

Ya miƙo hannu, ta zare filashin ta sa masa. Ya juya shi a tafinsa, ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya lalubo hannunta ya mayar mata, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce wa 'yarsa su tafi gida.

"Baffa, filashinka."

"Riƙe, 'yar nan. Da shi da injin, duk na bar miki," in ji shi daga bakin ƙofa. "Ni ban san kowa a cikinsa ba yanzu."